Layi Ɗaya Zuwa Sakkwato

Ranar kasuwar da ta wuce jikata Hadiza ta kawo mini kwamfutarta har zaure, ta shimfiɗe ta a kan tabarma kamar wadda ta kawo mara lafiya wurin mai magani. Ita da abokin aikinta Mubarak sun rubuta wata manhaja mai tattaro rahoton rigakafin shanu daga na'urorin malaman dabbobi na Jabo da Sanyinna da Fakku. Komai na tafiya daidai har manhajar ta nemi rahoton Fakku, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Daga nan sai ta ƙame. Ba gaba, ba baya, ko ka taɓa ta ba ta amsawa.

"Tsoho," in ji ta, "kwamfutag ga ta yi ƙanƙanta. Mubarak ya ce mu sayo mai furosesa takwas."

Na ce, "Amarya, ko mai ɗari kunka sayo, Fakku ba ta matsowa kusa."

Ku yaran yanzu kuna ganin aikin nan da sauƙi, don an taƙaita muku shi cikin kalmomi. Ku rubuta asink a nan, ku rubuta faralal a can, kuna zaton duk sunan gudu ne. To ba abu ɗaya ba ne. Asink shi ne ma'aikaci ɗaya ya aika buƙata waje, maimakon ya zauna gadin amsa sai ya juya ga wani aikin, in amsar ta iso a taɓa shi ya komo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Faralal kuwa ma'aikata da yawa ne, kowa hannunsa na motsi a lokaci guda. Na farko maganin jira ne, na biyu maganin nauyin aiki. Wanda ciwonsa jira ne, in ka ƙara masa ma'aikata, masu jira kawai ka ƙara. Ni ba a gaban kwamfuta na fara sanin wannan ba. A gidan wayar Tambuwal na san shi, ina saurayi.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai aka ɗauke ni koyon aikin ofareta, mai haɗa kiran tarho. Gidan wayar ɗaki biyu ne da rumfa. A ɗakin gaba akwai allon tarho na katako, faɗinsa bai wuce ƙofar rumbu ba. Kowane layi yana da ɗan murfinsa na tagulla, da rami a ƙarƙashinsa. In mutum ya murɗa mariƙin tarhonsa daga can inda yake, sai murfin layinsa ya faɗo, ƙyas, wata 'yar ƙararrawa ta yi kuka. Kai kuma ka ɗauki igiya mai kan tagulla ka soka a raminsa, ka ji wanda yake nema, ka soka ɗaya kan igiyar a ramin wancan, ka murɗa naka mariƙin don tarhonsa ya yi ƙara. Abin sauraro yana kanka, mai nauyi, abin magana yana rataye a ƙirjinka kamar ƙaho. A ɗakin baya kuma batura ne, ba irin na tocila ba, manyan kwalaben gilashi ne masu ruwan magani. In ruwansu ya ja baya ko suka yi kanta, murya sai ta shaƙe a layi har ta ɓace.

Layukan cikin gari kaɗan ne: ofishin hakimi, disfensare, wurin 'yan doka, makaranta, kantin masu sayen gyaɗa da auduga, da ɗan akurkin da jama'a ke shiga su yi magana. Sai rami guda da aka zagaye da jan fenti. Wannan shi ne layin Sakkwato, kuma shi kaɗai ne hanyarmu ta zuwa duniya. Ba ma namu mu kaɗai ba ne, garuruwan da ke kan hanya duk a kansa suke rataye. Saboda haka ba a kiran Sakkwato a samu mutum nan take. Za ka buga, ofaretar can ta ɗauka, ka faɗa mata wanda ake nema, ta ce ta ji, ka sauka daga layi. In ta samo shi, kuma layi ya sarara, ita za ta kira ka.

Wanda ya koya mini aikin sunansa Malam Dikko. Tsohon sojan sigina ne, siriri, ba ya son magana biyu. A makona na farko ya bar ni a kan allo ya fita alwala. Malamin hakimi ya nemi wani ofishi a Sakkwato. Na buga, aka ce an ji, a dakata. Ni kuwa sai na ga ai maganar hakimi ce, ba a juya mata baya. Na bar igiya a jan rami, na dafe abin sauraro da hannu biyu, har da runtse ido don kada in rasa motsin farko. Ina jin ƙyas, ƙyas, amma na ce su yi haƙuri. Da Malam Dikko ya dawo, murafu uku suna ƙasa.

"Mi kaka yi, Garba?"

"Sakkwato nika jira, Malam."

"To waɗanga fa, wa ka amsa musu?"

Na dubi murafun. Ya miƙo hannu ta bisa kafaɗata ya zare igiyar.

"Jira shina yin kansa da kansa, ba shi bukatar mai gadi. Kai ka tsaya, mutum ukku sun tsaya, kuma ka toshe ma garuruwan gaba hanya. Ita kau Sakkwato ba ta san kana yi ba."

Ya ɗauko tsinken ashana ya soka a wata 'yar tsaga bisa murfin ofishin hakimi.

"Wanga tsinke alƙawari na. In ka gan shi, ka san mutumin ga shina bin ka amsa. Aje shi, ka tafi ga na gaba."

Shekaru da yawa bayan haka, da na ga masu rubuta manhaja su ma alƙawari suke kiran abin da ke tsayawa a madadin amsar da ba ta iso ba, ban yi mamaki ba. Ba wani sunan da ya fi dacewa da shi.

Wahalar aikin ba a igiya take ba, a mutane take. Kowa so yake ya gan ka tsaye a kan maganarsa. Akwai wata tsohuwa, Inna Kulu, ɗanta soja ne a Kaduna. Ran da ta fara zuwa na ce ta koma gida, in an samo shi za a aika mata. Ta ce ba inda za ta, kada a ba wani ɗanta. Ta zauna a rumfa tun hantsi ta zuba mini ido, duk igiyar da na taɓa sai ta miƙe. Ba a samo shi ba sai da rana ta yi sanyi. Zuwanta na biyu sai ga ta da auduga da mazari. Ta faɗi buƙatarta, ta koma gindin bango tana kaɗi, ko kallona ba ta ƙara yi ba. Malam Dikko ya ce ita ce ta fi ni saurin koyon aikin.

Akawun kanti shi kuma rigimarsa a kan jeri take. Ya riga malamin makaranta nema, don me za a ba malamin makaranta kafin shi? Sau nawa na yi masa bayani cewa amsa ba ta bin jerin tambaya. Wanda malamin ke nema yana zaune kusa da tarho, shi kuwa nasa ya fita awon gyaɗa. Duk wanda aka fara samu shi ake fara haɗawa. Ku ma in kun aika buƙata uku a manhaja, kada ku gina komai a kan cewa ta farko ce za ta fara dawowa.

Wani lokaci kuma amsar ba ta zuwa sam. Gara ta ci falwaya ta kwanta, ko reshe ya faɗo a kan waya a daji, mu ba mu sani ba. Dokar Malam Dikko ita ce, duk tsinken da ya ga azahar ya kuma ga la'asar, a sake bugawa. In layi ya mutu, a kira mai shi a gaya masa gaskiya, a zare tsinken, ya nemi wata hanya. Ya ce barin mutum rataye ya fi ce masa babu muni. Manhajar Hadiza wannan ma ba ta da shi. Za ta jira Fakku har tashin duniya.

Daga baya aka tura ni kwas Kaduna, na bar allo na koma injin huda kati, daga nan na shiga rubuta firogiram, a nan na ƙare aikina. Na'urar farko da na yi wa aiki ta cika ɗaki guda, furosesa, wato ma'aikacin da ke mata lissafi, ɗaya tak gare ta, amma akawuna da yawa ke aiki da ita, kowa a gaban allonsa, kowa yana zaton tasa ce shi kaɗai. Dabarar ita ce dai ta Malam Dikko. In wannan ya nemi bayani daga faifai, kafin faifan ya juyo sai na'urar ta waiwayi wancan. Ba abu biyu take yi a lokaci guda ba, ba ta dai zama banza ne. Amma ran da wani ya ɗora mata dogon lissafi wanda ba jira a cikinsa, sai kowa ya daskare, don ma'aikacin ɗaya ne kuma hannunsa ya cika. Abokan aikina suka yi ta mamaki. Ni na riga na ga irin wannan, a shekarar sanƙarau.

Bazarar shekarar ta zo da zafin da ko tsofaffi sun ce ba su saba gani ba. Ciwon ya fara daga ƙauyuka ya shigo gari. Mutum ya kwanta da ciwon kai, kafin a ankara wuya ya sandare. Aka hana cin kasuwa, aka rufe makaranta. Allon da a da yakan yi shiru har ka ji kukan kurciya, sai ya koma murafu na faɗuwa kamar ƙanƙara, kuma kusan kowa jan rami yake nema. Ana cikin haka Malam Dikko ya kwanta. Aka ɗauke shi zuwa rumfunan da aka kafa bayan disfensare, aka bar ni ni kaɗai.

Allon bai gagare ni ba. Tsinke a nan, tsinke a can, ina amsa wannan ina sallamar wancan. Batura ne suka gagare ni. Zafi yana shanye ruwansu, kullum sai an sauke kwalba an kankare, an wanke, an haɗa sabon ruwan magani an mayar. Wannan aikin ba jira a cikinsa. Ba za ka soma shi ka bar shi ya yi kansa ba, hannunka biyu yake so daga farko har ƙarshe. Da muna mu biyu, ɗaya na ciki ɗaya na kan allo. Yanzu in na shiga ɗakin baya, allo ba kowa, kuma in Sakkwato ta kira ba a ɗauka ba, sai ta wuce ga wani gari, ka koma ƙarshen layi. Sai na riƙa gutsura aikin. In wanke kwalba ɗaya, in leƙo allo, in koma ga ta biyu. Hakan ya hana kira ya wuce ni, amma baturan ba su taɓa cika ba. Wata rana disfensan garinmu yana magana da ofishin likita a Sakkwato, murya ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɗauke, bai ji adadin maganin da aka ce a ba yara ba. Ya zo da kansa, gumi har gwiwa, bai yi faɗa ba, ya dai ce wa fosmasta, shugaban gidan wayar, a san abin yi.

Fosmasta ya kira Haruna, mai raba wasiƙu, mutumin Sanyinna, magidanci mai natsuwa wanda ya ɗan iya allo. Da farko aka ajiye masa kujera kusa da tawa, a kan cewa hannu huɗu sun fi biyu. Ba abin da ya ƙaru. Jan ramin dai ɗaya ne, ofaretar Sakkwato ba ta san mun zama biyu ba, balle ta yi sauri. Abin da ya ƙaru shi ne ruɗani. Ni in soka tsinke, shi ya ga kamar an gama da shi ya zare. Shi ya ce wa 'yan doka su dakata, ni ban ji ba in ce musu su sake nema. Ba laifin kowa ba ne, abu ɗaya ne hannu biyu ke taɓawa ba tare da ɗaya ya san abin da ɗaya ya yi ba. Kafin azahar Haruna ya ture kujerarsa.

"Garba, wanga zama ba shi da amfani. Kai riƙe allo, kak kowa shi taɓa tsinke sai kai. Ni ba ni batura da aike."

Daga ranar aiki ya daidaita. Duk abin da jira ne, nawa ne, mutum ɗaya ya ishe shi. Duk abin da ƙarfin hannu ne, na Haruna ne, yana yi ina yi a lokaci guda. In ya gama sai ya leƙo ya ce an gama, shi ke nan abin da ke haɗa mu. Abin da na zana wa Hadiza ke nan a bayan kwalin shayi. Manhajar ta aika wa dukkan ƙauyukan buƙata ba tare da ta tsaya kan ɗaya ba, ta sa wa kowace wa'adi, wadda ta fara dawowa ta karɓa. In rahotanni sun taru ana son a tace hotuna a yi lissafi mai nauyi, a nan ne furosesa ta biyu da ta uku ke da rana, a miƙa musu, kada mai tsaron allo ya shiga ɗakin batura.

Kwanaki kaɗan bayan mun raba aikin, da hantsi, wani mutum ya jingina keke a rumfa ya shigo ba sallama. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ƙafafunsa sun yi fari fat da ƙasa. Sunansa Sambo, manomi mai shanu daga Fakku. Disfensan Kebbe, wanda ke duba mutanen Fakku, shi ne ya aiko shi da baki cewa maganinsu ya ƙare ƙaf, ga mutane kwance. A gidan Sambo kansa mutum uku ne, matarsa da ɗansa babba da 'yarsa. Ya fara zuwa disfensaren Tambuwal, aka ce abin da ya rage ko na garin ba zai kai ba, amma an nemi ofishin likita a Sakkwato, ana jiran amsa. Shi ne ya tambayi inda wayar take fitowa, ya zo ya gani da idonsa.

Na nuna masa tsinken da ke bisa murfin disfensare.

"Baba, ga maganarku nan. Ta tafi tun ɗazu. Da sun samo likita za su kira."

Ya dubi tsinken, ya dube ni. Murfin 'yan doka ya faɗo, na amsa. Na hakimi ya faɗo, na amsa. Yana tsaye a kaina, ina jin numfashinsa. Can jan murfi, na Sakkwato, ya faɗo, ya zabura. Na soka igiya, ashe kiran kanti ne da akawu ya nema tun da safe. Na haɗa su. Kamar yadda aka koya mana, na ɗan saurara don in tabbatar suna jin juna, na ji ana gaya wa akawu cewa motarsu ta sauke gyaɗa, za ta taso daga Sakkwato bayan azahar, ba kaya. Na sauka daga layi.

"Likita na?" in ji Sambo.

"A'a, Baba, na kanti na."

Sai ya damƙi wuyan hannuna. Hannun mai kama bijimi ne, na ji har ƙashi.

"Ɗiyana na mutuwa, kai kana sai da gyaɗa? Ɗauki wayag ga ka riƙe ta! Kak ka aje sai likita ya yi magana!"

"Baba, in na riƙe ta, ta ina za su kira mu? Hanyar ɗaya ta. In na tsaya bisa gare ta, na toshe ta."

"Ban san wannan ba. Ni dai in ga kana yi."

"Yi nika yi."

"Zaune kake!"

Murfin disfensare ya faɗo a lokacin, ƙararrawa na kuka, hannuna na dama yana cikin nasa. Fosmasta ya fito daga bayan kanta, amma Haruna ya riga shi. Ya fito daga ɗakin baya, hannuwansa jiƙe, bai ɗaga murya ba.

"Kawu, sake shi. In likita ya kira yanzu, muryatai ba ta fita, don kwalaben ga sun bushe, ni kau hannuna biyu na. Kana da ƙarfi. Zo ka kama min."

Sambo ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya sake ni. Ya bi Haruna ciki. Ina amsa wa disfensa, wanda shi ma tambaya yake ko an kira, ina jin Haruna yana cewa, riƙe nan, kankare nan, a hankali gilashi na. Daga inda nake ina hango bayan Sambo, ya durƙusa yana goge kwalba da tsumma. Ya jawo ruwa a rijiya ya kawo, ya koma ya ƙaro. Su biyu suka gama abin da kan ci wa Haruna rabin yini kafin rana ta take tsaka.

Ana kiran azahar jan murfi ya sake faɗowa. Ofaretar Sakkwato ce, wata mata da na san muryarta shekaru ban taɓa ganin fuskarta ba. Ta ce ga ofishin likita. Na haɗa da disfensa, na tsaya a layi. Murya ta fito tar kamar mutumin yana ɗakin. Aka ce magani akwai, an ware na Tambuwal da na Kebbe, amma motocin asibiti duk suna daji, babu wadda za ta dawo sai gobe ko jibi. Disfensa ya yi salati. Kafin su ajiye na shiga maganar, abin da ba a yarda ofareta ya yi ba sai da dalili. Na ce akwai motar kanti a Sakkwato yanzu haka, ba kaya, tana shirin tasowa. Na bar su a haɗe, na ɗauki wata igiyar na buga wa akawu. Mutumin da ya saba yi mini rigima a kan jeri, ko tambaya bai yi ba, ya ce a tsayar da ita. Na roƙi ofaretar Sakkwato ta haɗa ofishin likita da ofishin kanti a kan nata allon, tunda duka biyun a garinta suke, ba sai an bi ta kanmu ba. Ta ce ta ji. Na sauka, na zare tsinken disfensare, na soka wani sabo, don yanzu kuma jiran labarin tasowar mota ake.

Sambo yana bakin ƙofar ɗakin baya, da tsumma a hannu.

"Mi sunka ce?"

"Magani shina zuwa yau, Baba. Cikin motar gyaɗa."

Ya ajiye tsumman. Ya fita ya yi alwala ya yi salla a rumfa, ya zauna yana fuskantar hanya. Haruna ya kawo masa fura, ya sha kaɗan. Ni ban samu zama da shi ba, murafu ba su daina faɗowa ba.

Gab da magariba motar ta iso, ja wur da ƙasar hanya. Aka sauke kason Tambuwal, aka ɗora keken Sambo a baya, shi ya shiga gaba don ya nuna wa direba hanyar Kebbe, wadda a lokacin sawun shanu ta fi kama da shi. Daga baya muka ji yadda ta kaya. Ɗansa babba ya rasu tun yana kan hanyar zuwa wurinmu, tun kafin ya jingina kekensa a rumfa. Matarsa da 'yar sun tashi, da mutane da dama a Kebbe da Fakku.

Na sake ganinsa bayan an yi girbi. Ya shigo, wannan karon da sallama, yana son a nemo masa wani dillalin shanu a Sakkwato. Na buga, na soka tsinke. Ya dubi tsinken, ya ce in an samu a aika masa, yana can kara, kasuwar shanu. Ya fita abinsa.

Malam Dikko ya tashi shi ma, bayan an fid da rai. Ruwan farko ya sauka, ciwon ya janye, sai ga shi wata safiya cikin kakinsa, an goge, ya rame har wuyan rigar na yawo. Muka miƙe muna yi masa barka, yana ta gyaɗa kai yana murmushi. Na tashi na ba shi kujera. Ya zauna, ya shafa allon, ya ɗora abin sauraro a kansa, ya gyara na magana a ƙirji. Murfin makaranta ya faɗo. Hannunsa ya kai igiya tun murfin bai gama rawa ba, ya soka.

"Tambuwal," ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ya saba.

Ya saurara. Daga inda nake tsaye ina jin muryar malamin makaranta tana fitowa siririya daga abin sauraron, yana sallama yana maimaitawa. Malam Dikko ya sake cewa, "Tambuwal." Ya danna abin a kunnensa na dama, ya juya shi ga na hagu. Fosmasta ya sunkuyar da kai. Sanƙarau yakan bar mutum da ransa ya tafi da jinsa, duk mun sani, shi ma ya sani, ya dai zo ya gwada ne.

Ya cire abin sauraron a hankali, ya miƙe, ya ɗora mini shi a kai da hannunsa, ya gyara mini shi daidai kunne.

"Amsa mai, Garba. Mutum shina jira."

Ya naɗe hannun rigarsa ya shiga ɗakin batura. A can ya yi sauran shekarunsa na aiki, kuma har ya bar gidan wayar murya ba ta ƙara shaƙewa a layin Sakkwato ba.